Sabon rauni: ruwa, aidin, basilin ko zuma, wanne ya fi taimakon garkuwar fata?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama a Jos, fata takan bushe ta tsattsage, faso ya buɗe a dunduniya, ƙaramar ƙujewa ma ta zama abin jinya. Mai yankan kabeji a Farin Gada, kafinta a Katako, yaron da ya faɗi a filin ƙwallo, duk wanda ya ji ciwo kemis yake nufa. A kan kanta ɗaya zai tarar da sifirit, aidin, GV, haidurojin, Dettol da mayuka iri-iri, wani ma a ba shi kafso ya farke ya barbaɗa. A gida kuma ga zuma, ga basilin, ga man kaɗe. Mutane da yawa da raɗaɗi suke auna magani, wanda ya fi zafi shi suke ganin ya fi aiki. Wannan tunanin ne ke sa ciwon da zai warke cikin 'yan kwanaki ya ja makonni.

Tambaya biyu ya kamata a yi wa duk abin da za a sa a kan rauni. Ƙwayoyin cuta nawa yake kashewa? Naman mai ciwon nawa yake kashewa tare da su? Tambaya ta biyu ita aka fi mantawa, alhali wannan ɗanyen naman da ke bakin ciwo shi ke haɗa maganin da jiki ya dogara da shi tun kafin a isa kemis.

Abin da fata ke yi da kanta

Allah ya halicci fata da wasu ƙananan furotin da likitoci ke kira feftayid masu kashe ƙwayoyin cuta. Gajeru ne, yawanci daga amino asid 12 zuwa 50, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su. Suna cikin garkuwar da ake haihuwar mutum da ita, wadda ba ta jiran sai ta san cuta kafin ta far mata, saɓanin garkuwar da allurar rigakafi ke koyarwa, mai ɗaukar kwanaki kafin ta shirya.

Yadda suke gane abokin gaba abu ne na cajin lantarki. Feftayid ɗin suna ɗauke da caji fozitif. Fatar ƙwayar bakteriya kuwa cajinta negetif ne, saboda irin kitsen da aka gina ta da shi. Sai su manne mata, ɓangarensu mai son maiƙo ya nutsa cikin kitsen, su huda ta kamar yadda ƙusa ke huda tayar keke, abin da ke cikinta ya tsiyaye ta mutu cikin mintuna. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da wannan caji a bayansu, ga kuma kolestarol da ke ƙara musu tauri, shi ya sa harin yakan tsallake su.

Iri biyu suka fi shahara a jikin mutum. Akwai difensin, waɗanda Robert Lehrer da Tomas Ganz suka raɗa wa suna a 1985 bayan sun ciro su daga fararen ƙwayoyin jini a jami'ar Kalifoniya ta Amurka. Akwai kuma LL-37, mai amino asid 37, wanda fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin saman fata duk suke fitarwa. Gumi ma yana da nasa, damsidin, wanda aka gano a Jamus a 2001, kuma yana son ɗan tsamin nan na fata, wanda ma'auninsa na pH ke tsakanin 4.5 da 5.5.

LL-37 shi ya fi shafar maganarmu, domin aikinsa ya wuce kisa. Yana kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin ciwo, yana ɗaure dafin da wasu bakteriya ke saki, yana taimakon tsirowar sabbin hanyoyin jini, yana kuma zaburar da ƙwayoyin fata su rarrafo daga gefe su rufe ramin. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2003 ya nuna yawansa a bakin rauni yana kai ƙololuwa wajen awa 48 bayan jin ciwo, ya sauka idan ciwon ya rufe. Da masu binciken suka toshe aikinsa, sai rufewar fata ta tsaya. Da suka duba bakin gyambon da ya ƙi warkewa kuwa, sai suka tarar kusan babu shi. Ke nan kwana biyun farko, lokacin da aka fi yi wa ciwo wanka da sifirit safe da yamma, su ne kwanakin da bakin ciwon ya fi bukatar a bar shi da rai.

Ruwa

Babu abin da ke kan kantar kemis da ya kai ruwa mai yawa amfani ga sabon rauni. Feftayid suna iya cin ƙarfin ƙwayoyin cuta kaɗan, amma ƙasa, yashi, tsatsa da guntun itace sun fi ƙarfinsu, kuma datti yana ba bakteriya maɓoya. Wanki shi ke rage yawan abokan gaba zuwa abin da jiki zai iya.

A fara tsayar da jini ta hanyar danne wurin da tsaftataccen ƙyalle na minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Sannan a wanke hannu da sabulu, a kwarara wa ciwon ruwa. Ƙa'idar da ake koyarwa a asibiti ita ce mililita 50 zuwa 100 ga kowace santimita ta tsawon yanka, wato yanka mai tsawon gaɓar yatsa biyu zai ci kusan leda guda ta fiya wata. Ƙarfin feshi yana da muhimmanci: sirinji mai mililita 20 ya fi, in babu shi a huda ledar ruwan da tsaftatacciyar allura a matsa. Sabulu a gefen ciwo ake sa shi, ba a ciki ba.

Ruwan gishirin asibiti, mai kashi 0.9 cikin ɗari, wato giram 9 na gishiri a lita ɗaya, shi ne na ƙa'ida, amma binciken da ya haɗa gwaje-gwaje da dama bai ga ya fi ruwan famfo mai kyaun sha hana ruɓa ba. Matsalar ita ce a unguwanni da yawa na Jos ruwan rijiya ko na 'yan garuwa ake samu. Irin wannan a tafasa shi, a bar shi yana ɓararraka minti ɗaya, ya huce. Tsaunin Jos yana sa ruwa ya tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100, wannan bai hana shi kashe ƙwayoyin cuta ba. Ruwan kududdufin kuza da na rafi ba na wankin ciwo ba ne ko ya yi garau a ido. A lokacin sanyi ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, domin mai sanyi ƙarara yana tsuke hanyoyin jini, kuma ta jini fararen ƙwayoyin ke isowa.

Wanda zai haɗa ruwan gishiri a gida, ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, a shafe, ya isa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, kuma a zubar da ragowar bayan kwana ɗaya. Zuba tsurar gishiri a ciwo azaba ce kawai: yana zuƙe ruwan ƙwayoyin nama, kuma an ga a ɗakin gwaji yawan gishiri yana raunana wasu daga cikin difensin.

Sifirit da haidurojin

Waɗannan biyun hukuncinsu gajere ne. Sifirit na lafiyayyar fata ne, kafin allura ko don goge almakashi. A cikin buɗaɗɗen ciwo yana daskarar da furotin, na bakteriya da na mai ciwon baki ɗaya, ya bar mataccen nama wanda shi kansa abincin ƙwayoyin cuta ne. Kumfar haidurojin, mai kashi 3 ko 6 cikin ɗari, ba shaidar mutuwar cuta ba ce, wani sinadari ne na cikin jini ke farfasa shi ya koma ruwa da iska. Yana iya taimakawa sau ɗaya wajen ɗaga busasshen jini ko bandejin da ya manne. Maimaita shi kullum yana kashe sabon naman da ke tasowa.

Aidin da kuloheksidin

Nan ne zaɓi ke bukatar natsuwa, domin duka biyun magunguna ne na gaske masu wurin amfaninsu.

Aidin iri biyu ne a kasuwa, kuma ana rikita su. Akwai tsohon aidin da aka narka a cikin sifirit, mai raɗaɗi, wanda hukuncinsa ɗaya da na sifirit. Akwai kuma fobidon aidin, mai kashi 10 cikin ɗari, irin su Betadine, wanda ke sakin aidin ɗin a hankali. Shi ake nufi idan likita ya ce a sa aidin. Faɗin aikinsa ya fi na kowa: bakteriya, fangas, bairos, duk yana kamawa, kuma ƙwayoyin cuta ba su cika koyon jure masa ba. Ga ciwon da ya sha datti, kamar wanda aka ji a gona, a kwata ko a haɗarin hanya, bayan an gama wanki da ruwa sai a sirka shi, kashi ɗaya na magani da kashi tara na ruwa, a wanke ciwon da shi. Sau ɗaya ko biyu a ranakun farko ya wadatar. A duba kwalbar: wanda aka rubuta kashi 7.5 na wankin hannun masu tiyata ne, akwai sabulu a ciki, ba a zuba shi a rauni. Mai juna biyu, mai shayarwa, jariri da mai ciwon maƙoƙo su guje shi, musamman a ciwo mai faɗi, saboda aidin yana ratsawa cikin jini ya taɓa aikin tayroid, ƙullin nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo.

Inda aidin ba shi da na biyu shi ne cizon kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, sannan a sa fobidon aidin, a tafi asibiti a ranar don allurar ciwon haukan kare. A nan sabulu har cikin ciwon ake sa shi, domin kashe bairos ɗin ya fi lallashin nama muhimmanci. A Filato wannan ba labarin nesa ba ne, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana gwajin wannan cuta a jikin karnukan da ake zargi.

Kuloheksidin kuwa, wanda ke cikin Savlon tare da wani sinadarin wanki, dabararsa irin ta feftayid ce: cajinsa fozitif ne, yana manne wa fatar bakteriya ya lalata ta. Ya fi aidin daɗewa a kan fata yana aiki, kuma jini ba ya kashe ƙarfinsa da wuri. Amma bai kai aidin faɗi ba, sabulun wanka yana soke shi idan ba a ɗauraye da kyau ba, kuma yana yi wa ido da cikin kunne mummunar illa. Na wankin ciwo mai kashi 0.05 cikin ɗari ne. Mai kauri na kashi 7.1, wanda Najeriya ta ɗauka don cibiyar jarirai, na cibiya ne kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2019 bayan an samu jariran da idonsu ya lalace saboda an ɗauke shi a matsayin maganin ɗigawa a ido.

Kuskuren da ake yawan yi da Savlon da Dettol shi ne a sirka su a kwalba a ajiye makonni. Wasu bakteriya, irin su Sudomonas, suna rayuwa a cikin sirkakken maganin da ya kwana biyu, sai a wayi gari ana zuba wa ciwo cuta da sunan magani. A haɗa na lokaci ɗaya bisa umarnin da ke jikin kwalba, a zubar da saura. Tsurar Dettol kuma tana ƙona fata.

GV yana kashe wasu bakteriya da fangas, ga araha. Aibinsa biyu: yana busar da ciwo, kuma launinsa yana rufe jan da ke gefe, wanda shi ne alamar farko da nas ke nema don gane ruɓa. Hukumar lafiyar Kanada ta janye shi daga kasuwa a 2019 saboda fargabar sankara. Tunda akwai waɗanda suka fi shi, ba mu ga dalilin ci gaba da shafa wa yara shi a kowace ƙujewa ba.

Basilin da man kashe ƙwayoyin cuta

An saba cewa a bar ciwo ya sha iska ya bushe. Tun 1962 wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya nuna a jikin aladu cewa raunin da aka rufe ya zauna da danshi yana yin sabuwar fata kusan ninki biyu na saurin wanda aka bari ya yi ɓamɓaroki. Dalilin a fili yake. Ƙwayoyin fata a cikin laima suke rarrafe, feftayid ma a cikin ruwan ciwo suke yawo. Idan iskar hunturu ta busar da saman, dole sabuwar fata ta yi haƙa ta ƙarƙashin ɓawon, kuma duk lanƙwasa gwiwa ko yatsa sai ɓawon ya tsage a koma baya.

To da me za a riƙe danshin? A 1996 an buga wani gwaji a Amurka da aka yi a kan marasa lafiya sama da 900 da aka yi wa ƙananan yanka a asibitin fata. Rabi an shafa musu farin basilin, rabi man basitirasin mai kashe bakteriya. Ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba wajen ruɓa ko saurin warkewa, sai dai waɗanda suka samu borin fata duk daga ɓangaren man maganin suka fito. Wani bincike na 2016 ya ƙara da abin da ba a zata ba: fatar da aka shafa wa basilin aka rufe ta ƙara fitar da nata feftayid ɗin. Don haka ga tsaftataccen yanka ko ƙujewa a jikin mai lafiya, zaɓinmu shi ne wanki da ruwa, shafa farin basilin siriri, rufewa da ƙyallen bandeji mai raga-raga, a canza kullum ko duk lokacin da ya jiƙe.

Sharaɗin shi ne basilin ya zama fari marar turare, daga sabon gwangwani, a ɗebo da tsaftataccen abu. Wanda duk gida ke tsoma yatsa a ciki bayan wanka bai dace ba. Man zafi ba ya shiga wannan sahu ko kusa. Man kaɗe yana da kyau ƙwarai ga kaushi da faso kafin su buɗe, wannan ma kariya ce babba, amma na kasuwa ba a tace shi don buɗaɗɗen ciwo ba. Auduga kuma ba a ɗora ta kai tsaye, zarenta yana shiga nama.

Mayukan kashe bakteriya suna da ranarsu. Basitirasin da folimiksin su kansu feftayid ne, daga bakteriyar ƙasa aka samo su a shekarun 1940. Mufirosin mai kashi 2 cikin ɗari shi ake ba yaro mai ƙurajen nan masu ɓawo ruwan zuma a baki da hanci, na kwana biyar zuwa bakwai. Wato magani ne na cutar da ta riga ta kama, wanda ma'aikacin lafiya ya gani. Shafa su a kowane ƙwarzane yana koya wa bakteriya juriya, niyomaisin kuma sananne ne wajen jawo ƙaiƙayi da ja, har a zaci ciwon ne ya ruɓe a ƙara shafawa.

Abu biyu ne muke roƙon a bari gaba ɗaya. Na farko farke kafson amfikulos ko tetarasaikilin a barbaɗa. Garin an haɗa shi don ciki ne, yana dunƙulewa a ciwo ya zama datti, yana iya sa jiki ya tsani maganin har ranar da za a bukace shi da gaske. Na biyu mayukan nan masu haɗi uku da ake saya don kowace matsalar fata, da mayukan bilicin. Yawancinsu akwai sitiroid mai ƙarfi a ciki, irin su betametason ko kulobetasol. Sitiroid yana kwantar da ja da ƙaiƙayi, mai ciwo ya ga kamar sauƙi ya samu, alhali ya rage wa fata ƙarfin fitar da feftayid, ya sirantar da ita, ya jinkirta haɗewar nama. Toka, ƙasa, kashin shanu, man birki, kalanzir da makilin kuwa ba su cancanci a gwada su da komai ba.

Zuma

Zuma tana da matsayi a zukatanmu, Alƙur'ani ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, kuma binciken zamani ya bayyana hanyoyin da take aiki a kan ciwo. Kusan kashi 80 cikin ɗari nata sukari ne, wanda ke zuƙe ruwan jikin bakteriya. Tana da tsami, pH ɗinta tsakanin 3.2 da 4.5. Akwai sinadarin da ƙudan zuma ke zubawa wanda ke sakin haidurojin kaɗan-kaɗan idan ruwan ciwo ya sirka ta, adadin da bai kai ya ƙona nama ba. A 2010 kuma masu bincike a Holan suka gano tana ɗauke da difensin na ƙudan zuma. Tana kashe cuta tana kuma riƙe danshi a lokaci guda.

Shaidarta ta fi ƙarfi a ƙunar da ba ta yi zurfi ba, inda nazarin gwaje-gwaje na 2015 ya nuna tana rage kwana huɗu zuwa biyar a kan wasu hanyoyin ɗauri da aka saba. Amma kafin komai, ƙuna ruwa mai sanyi-sanyi take so, a kwarara na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Bayan haka ana shafa zumar a jikin bandeji, kimanin mililita 20 ga faɗin santimita 10 da 10, a ɗora, a rufe da wani a sama saboda tsiyaya da tururuwa, a canza kullum.

Cikas ɗin yana wajen samun ta gaske. Zumar asibiti an kashe ƙwayoyin da ke cikinta da haske na musamman ba tare da dafawa ba. Ta bakin hanya kuwa wata an sirka ta da narkakken sukari, wata an dafa ta wajen tacewa, zafi kuma yana lalata sinadarin da ke sakin haidurojin. Gwajin ashana ko na ɗigawa a ruwa ba ya rarrabe su. Ɗanyar zuma tana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta masu kwanciya cikin ɓawo, shi ya sa ba a cusa ta cikin rami mai zurfi, ba a kuma ba jaririn da bai shekara ba ita a baki. Ga ƙaramin yanka mai tsafta, ba ta da wata fa'ida a kan basilin da za ta biya tsadarta da wannan shakku.

Ciwon da ya wuce gida

Bakteriya ma ba a zaune suke ba. Stafilokokus, mai jawo maruru, yana iya sauya cajin fatarsa don feftayid su kasa manne masa, yana kuma fitar da sinadarin da ke daddatsa LL-37. Idan ya yi galaba alamun sukan fito bayan kwana biyu: zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ja yana faɗaɗa, mugunya, wari, jan layi yana hawa hannu ko ƙafa, kaluluwa, zazzaɓi. A zagaye iyakar jan da biro, in ya tsallake layin washegari a tafi asibiti, domin a wannan mataki babu abin shafawa da zai isa inda cutar ta kai.

Tun ranar farko, asibiti ake kai yankan da ya wage baki ko ake hango kitse ko jijiya a ciki, kuma ɗinki ya fi kyau cikin awa 6 zuwa 8. Haka sukar ƙusa, cizon dabba ko na mutum, ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi ko ta shafi fuska, hannu, gaɓoɓi ko al'aura. Tetanus, ciwon da ke sarƙe haƙora ya sandarar da jiki, dafinsa ya fi ƙarfin feftayid da aidin duka. Wanda ya ji ciwo mai datti kuma allurarsa ta ƙarshe ta wuce shekara 5, ko bai san ko ya taɓa yi ba, ya je a yi masa a ranar.

Mai ciwon suga da mai sikila ba su da ƙaramin ciwo a ƙafa. A ciwon suga jini ba ya isa ƙafa sosai, jijiyoyin ji sun mutu, fararen ƙwayoyin jini sun yi sanyi, kuma an tarar da ƙarancin LL-37 a gyambon irin waɗannan marasa lafiya. An yi ƙoƙarin cike wannan giɓi da man feftayid da aka kwaikwayo daga magainin, wanda Michael Zasloff ya gano a fatar wani kwaɗon Afirka a 1987. Hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 1999, manyan gwaje-gwajen 2016 ma ba su nuna ya fi man da babu magani a ciki ba. Saboda haka duk wanda ya tallata wa mai suga wani man feftayid na warkar da gyambo, a riƙe kuɗin. Abin da ke ceton ƙafar shi ne duba ta kowane dare har tsakanin yatsu, shafa mai a dunduniya kafin faso ya buɗe, daidaita suga, barin tafiya ba takalmi, da kai ko ɗan ƙwarzane ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), Asibitin Ƙwararru na Filato, Jankwano ko asibiti mafi kusa cikin kwana ɗaya, inda za a yanke mataccen nama a kuma ɗauke nauyin jiki daga kan wurin.